Ranar da Wadannin Diony Suka Yi Furfura

Tun ina da gashi a tsakiyar kai Diony ya fara haɗa rundunar wadanninsa. Gashin ya tafi ya bar ni, rundunar ba ta fita yaƙi ko sau ɗaya ba.

Duk Lahadi bayan coci mukan haɗu a benen wani shagon miyar taliya da ke unguwar La Paz, mu jera sojojinmu na roba a kan tebur, mu auna tafiyarsu da tef irin na tela, mu watsa 'ya'yan ludo mu ga wa ya kashe wa. Kowane soja bai fi babban yatsa ba. Gunduwa-gunduwa ake sayensa, kai za ka manna shi da gam, kai za ka yi masa fenti. Ƙaraminmu ya aurar da 'ya. Matanmu sun daɗe da daina tambaya.

Diony likitan haƙori ne, kuma da hannun da yake cike kogon haƙori yake yi wa wadanni gemu. A nan matsalar take. Wada a wasan nan rabinsa gemu ne, sauran rabin sulke da gatari. Mu dai sai mu shafa wa gemun ja ko ruwan ƙasa mu wuce. Diony kuwa sili-sili yake bi, da tabarau mai ƙara girma a goshi da buroshin da bai kai gashin ido kauri ba. Akwai wadan da ya yi wa haƙorin zinare, ba kuma mai ganin haƙorin sai ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin gashin baki. Kowane mako yakan zo da wada guda a akwatin da ya shimfiɗa wa soso, ya buɗe mu yaba, ya rufe. Taɓawa kuwa babu. Ya ce yatsun mutum maiƙo gare su, mu kuma namu sun fi na kowa, tunda ya ga yadda muke cin abinci.

Rana ɗaya suka sayi kwalin farko shi da Pidoy, amininsa tun firamare, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a ɗakin injin jiragen ruwa. Pidoy ya zaɓi aljanu masu dogon kunne, don a labarin wasan su da wadanni ba sa ga maciji. Suka yi alkawari yaƙin wadanni na farko da aljanun Pidoy za a yi shi. Pidoy ya gama nasa fentin a tafiya guda: ya tsoma su a shuɗi, ya ɗiga musu ido. Daga nesa aljanu ne. Daga kusa ma aljanu ne, amma irin waɗanda ake tsorata yara da su.

Ran nan muna tsakiyar wasa Pidoy ya ajiye cokalinsa ya ce takardunsa sun fito. 'Yarsa da ke aikin jinya a Kanada ta gaji da jin labarin hawan jininsa ta waya, ta ce ya tattaro ya koma wurinta. Ƙarshen wata zai tashi.

"To, Dok," ya ce wa Diony, "ko ka kawo su Lahadin ƙarshe, ko ka aiko min da hotonsu in rataya a bango."

"Saura masu igwa. Da sarkin."

"Sarkin da kake yi wa gemu tun kafin a haifi jikata?"

"Gyara nake."

"Abokina, ni fa ba gasar kyau na gayyace su ba. Kashe su zan yi."

Muka yi dariya. Diony bai yi ba. Ya rufe akwatinsa ya ce zai kawo su.

Daga ranar ya daina ganin marasa lafiya da yamma. Masu ciwon haƙori a unguwar Jaro suka koma wa gishiri da ruwan ɗumi. Kuma ga mamakin kowa ya gama: masu igwa, masu guduma, mai ɗaukar tuta, har da sarkin. Abu ɗaya ya rage, wato banish, man feshin nan da ake rufe fenti da shi don kada hannu ya goge shi.

Akwai dokar da ko sabon shiga ya sani: ba a fesa banish in iska ta ɗauki laima. Danshin sai ya maƙale a ƙarƙashin man, ya bushe fari. Diony ne ma ya koya mana, da dogon bayani, kamar yadda yake koyar da komai. Ranar jajiberin yaƙin kuwa ruwa ake tun safe, irin na Agusta da ke narkar da gishiri a kwano. Ya tsaya a garejinsa, ya dubi sama, ya tuna gobe Lahadi, ya girgiza gwangwani.

Matarsa Celing ce ta kira ni.

"Boyet, zo ka ga abokinka. Yana zaune a ƙasa ba ya magana. Na ce ko ƙirjinsa ne, ya ce ya fi ƙirji."

Na tarar da su jere a kan kwalaye, sahu-sahu, sun fi ɗari, kamar an barbaɗe su da garin shinkafa. Jan gemu, baƙin gemu, kitson da ya yi wa mai tuta, duk sun koma toka-toka. Na yi digiri biyu a tarihi, na karanta yadda dauloli suka faɗi, amma ban san abin da ake ce wa mutum a irin wannan wuri ba. Sai na ce ruwan ya ƙi tsayawa.

Pidoy ya shigo jiƙe sharkaf, ya tsuguna ya ƙare musu kallo.

"Ka gani ko," ya ce. "Sun tsufa suna jira."

Na ɗauka Diony zai jefe shi da gwangwanin. Bai ko ɗago ba.

"Ba zan kai su haka ba. Sai an kankare fentin duka an sake."

"Wata nawa ke nan? Ko in ce shekara?"

"Sai ka zo hutu mu yi."

Dukkanmu mun san nisan Kanada, mun san shekarun Pidoy, mun kuma san 'yar tasa. Celing ta juya ta shiga gyara tsummokaran da ba sa bukatar gyara.

Can Pidoy ya ce wani ɗan garin Cebu da suka yi aiki tare ya taɓa yin wannan aika-aikar, sai ya shafa wa nasa man zaitun, launin ya dawo.

"Man zaitun?" in ji Celing. "A gidan nan? Ka gan mu da baƙi daga Italiya? Ga dai man kwakwa, in zai yi."

"Mai," Diony ya ce, a karon farko ya ɗago. "A kan fenti. Pidoy, injin jirgi ka ɗauke su?"

"To zauna ka yi ta kallonsu, ko za su warke da addu'a."

Aka ce a gwada a kan wanda Diony ya fi ƙi a cikinsu. Ashe babu wanda ya ƙi. Ya kai hannu ya janye, ya kai ya janye, daga ƙarshe ya ɗauki wani mai ganga da yake zargin hancinsa ya karkace. Ya tsoma tsinken auduga a mai, ya ɗiga a gemun, ya murza a hankali. Farin ya narke. Jan ya fito, sili-sili, yadda ya bar shi.

Sai dai aikin ba na sauri ba ne. Kowane lungun gemu sai an bi shi, kowane zoben sulke, sannan a goge ragowar man. Da ya gama mai gangar ya dubi sauran. Likita ne, ya iya lissafi. Shi kaɗai ba zai kai ko rabi ba.

Celing ta ajiye kwalin auduga a tsakiya, ta jawo kujeru uku, ta zauna a ɗaya ta naɗe hannu. Ni da Pidoy muka zauna a sauran biyun.

"Ku wanke hannu," in ji Diony daga ƙarshe. "Da sabulu. Har gwiwar hannu."

"Don kada mu shafa musu maiƙo?" Pidoy ya tambaya, yana nuna kwalbar man.

"Wancan maiƙon nawa ne."

Haka muka wuni, ruwa na dukan kwano, mutum huɗu masu jikoki muna shafa wa wadanni mai. Diony bai iya aikinsa ba don kallon namu. "Boyet, murzawa na ce, ba wankin tukunya ba. Celing, wannan ai kin gama shi." Celing ta ce ta sani, kyau ya yi mata. Wajen la'asar ya gaji da gadi, ko kuma ya ga ba mu kashe kowa ba, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da nasa aikin. Bai ma lura da lokacin da sarkin ya zo hannun Pidoy ba.

Ƙas.

Ƙarar ba ta kai ta karyewar ashana ba, amma duk muka ji ta. Pidoy yana riƙe da sarki a hannun dama, gatarinsa a hagu. Mutumin da ya taɓa gyara inji a tsakiyar guguwa ya yi tsuru-tsuru kamar yaron da ya fasa kofi.

"Dok..."

Diony ya dubi gatarin tsawon lokaci.

"Gam na cikin gwangwanin biskit," ya ce. "Kai ka karya, kai za ka manna. Amma bakin gatarin gaba yake kallo, ba kamar kunnuwan aljanunka ba da kowanne ya kama gabansa."

Washegari rundunar ta hau benen La Paz. Ƙyalli take kamar an fito da ita daga kasko, ƙamshinta kuma ya cika ɗakin har mai dafa taliya ta hauro ta tambayi wanda ke suya a sama. Duk wadan da ka ɗauka sai ya nemi sulluɓewa. 'Yan wasan sauran tebura suka bar nasu suka zagaye mu. Diony ya jera mayaƙansa sahu-sahu, igwa a kan tudu, sarki a tsakiya.

Sai aka gano wani abu. Tun da ya fara fenti an sauya dokokin wasan sau biyu, shi kuwa na farkon ya haddace. Ya ce igwarsa na kaiwa ƙarshen tebur, aka buɗe masa littafi. Ya ce wadanni ba sa gudu daga fage, aka sake buɗe masa. Ga su da gajerun ƙafafu, kafin su kai tsakiyar tebur kibiyoyin shuɗayen aljanu sun cinye rabinsu. Pidoy bai sassauta masa ko kaɗan ba, yana watsa 'ya'yan ludo yana waƙa. Sarkin ya mutu bai sari kowa ba. Daga farko zuwa ƙarshe yaƙin bai kai a sha kwanon miya ba.

Diony ya zauna yana kallon gawawwakin da aka tara a gefen tebur, wani kan wani, gemu cikin gemu, ba soso ba akwati. Wayar Pidoy ta yi ƙara. 'Yarsa ce, tana son jin ko ya gama haɗa kaya.

"Sake jerawa," in ji Diony.

"Dok, ko jaka ban buɗe ba."

"Me kake da shi? Wando biyu da maganin hawan jini. Jera. Boyet, miƙo min littafin nan, ina ne suka rubuta zancen igwa?"

Pidoy ya dubi wayar, ya kife ta a kan tebur, ya leƙa matakala ya ƙwala wa mai taliya kira ta ƙaro kwano uku. Sannan ya fara tsamo wadanni daga tarin yana miƙa wa Diony ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana karɓa ba tare da ya duba ba, idonsa na kan littafi.