Bayan Kwabar Iya

"Tura mana, Malama! Ko karatun ya cinye miki ƙashi ne?"

Na sa kafaɗa na tura. Kwabar ta yi ƙara a kan siminti, ta tafi da ƙyar har ta manne da bango. Iya Mai Ɗinki ta ja da baya tana haki, ta karkata kai ta duba. Ba a ganin komai, sai wayar keken ɗinkinta da ta leƙo ta ƙasa kamar wutsiyar ɓera.

Abin da muka rufe soket ne. Robarsa ta narke ta gefe guda, baƙin hayaƙi ya hau bangon kusan kamu biyu. Da na dafa wurin sai na ji ɗumi, alhali keken a kashe yake.

Iya maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya ta raba mu. Kullum na taso daga makaranta nakan shiga in zura mata zare a allura, saboda idonta ya yi rauni, ita kuma ta bar ni in yi karatu a kan buhun ƙyallayenta, don gidanmu hayaniyar ƙannena ba ta barin mutum ya ji ko tunaninsa. Ita ta sa mini Malama.

"Iya," na ce, "na karanta cewa idan bango yana ɗumi..."

"Kin karanta! Wayar nan mijina ya ja ta da hannunsa tun uwarki tana rarrafe. Gobe Auta zai zo da mai gyaran wuta. Ya ce in aka ga matsala za a farke gidan duka, ni kuma in koma wurinsa har a gama." Ta taɓe baki. "Har a gama! Haka aka ce wa ƙawata ta bayan layi. Sati biyu aka ce mata, yau shekara uku, ɗakinta ya zama shagon taya. In na fita ƙofar nan, ba mai dawo da ni. Ki yi mini alkawari bakinki alaikum."

Ban ce na yi ba. Amma na gyaɗa kai.

Washegari Auta, ɗanta ke nan na ƙarshe, ya zo da mai gyaran. Mutumin ya hau kujera ya kwance mariƙin ƙwan lantarkin falo, ya murza wayar da yatsu biyu. Rigarta ta ruɓushe, ta zubo masa a fuska kamar garin gawayi.

"Iya, wannan waya ai ta girme ni. Dole a sauya ta gaba ɗaya."

"Ni ma na girme ka, ɗan nan, ga ni kuma ina aiki."

Ya yi dariya ya sauko. "Akwai aiki a hannuna, sai nan da sati uku. In babu inda yake zafi ko ya yi baƙi, za ta iya jira. In kuwa akwai, yau ɗin nan zan yanke wutar. Ba kwa jin warin roba tana ƙuna?"

"Wari ɗaya nake ji, na takalminka," in ji Iya.

Sai ya juyo gare ni. "Ke fa, 'yan mata? Ke ce mai sabon hanci."

Na sunkuyar da kai cikin littafina. Layi ɗaya na karanta ya fi sau biyar. Ina jin idon Iya a wuyana. Na girgiza kai.

Kwana tara na yi da abin a cikina. Na roƙe ta ta daina jona dutsen guga a wayar da ta leƙo ta ƙarƙashin kwabar, ta ce kayan mutane ba za su goge kansu ba. Na buɗe baki zan gaya wa Mama, sai autarmu ta kifar da ruwan zafi, maganar ta bi ruwa. Na rubuta wa Auta takarda sau uku, ina yagawa, don duk yadda na juya ta sai ta fito kamar na ci amana.

A kwana na tara, da rana tsaka, ina shanya a tsakar gida na ji warin. Na ɗaga kai na ga hayaƙi yana fita ta ƙarƙashin kwanon rufin Iya, siriri, kamar ba abin tsoro ba.

Ban san lokacin da na isa ƙofarta ba. A kulle take ta ciki, don Iya takan ɗan kishingiɗa bayan ta ci abincin rana.

"Iya! Iya, ki buɗe! Don Allah ki buɗe!"

Na daka har fatar hannuna ta fashe. Mata suka fito da bokitai. Mai walda na bakin layi ya taho a guje da guduma yana ihu: "Kar wanda ya watsa ruwa! Ku bari a kashe wutar lantarki tukuna!" Wani ya finciko fiyus daga jikin mita. Ni kuwa ina tsalle ina faɗin abin da ya kamata in faɗa tun kwana tara: "Bayan kwaba ne! Bayan kwaba!" Ba wanda ya gane abin da nake nufi.

Da ƙofar ta ɓalle, hayaƙi ya turo mu baya. Kwabar cike take da yadudduka, ta kama ta zama harshen wuta ɗaya har silin. Mai walda ya jiƙa rigarsa, ya shiga da rarrafe, ya jawo Iya. Wuta ba ta taɓa ta ba ko kaɗan. Sai dai bakinta da hancinta sun yi baƙi, ƙirjinta yana ɗagawa da ƙyar.

Ta cika a asibiti kafin rana ta faɗi.

Bayan kwana biyu na ga Auta zaune a dokin ƙofarta shi kaɗai. Na je na tsaya a gabansa.

"Yaya, ni na taya ta tura kwabar. Na san abin da ke baya. Da aka tambaye ni na ce babu."

Ya ɗago ya dube ni.

"Shekara talatin kwabar nan tana jikin taga," ya ce. "Ranar da na kawo mai gyara, ina shiga na ga ta sauya wuri. Na ce in na tambaya za mu yi faɗa." Ya matsa gefe. "Zauna, Malama."

Na zauna. A tsakanin ƙafafunsa akwai naɗin sabuwar waya guda biyu, ja da baƙa, ko ledarsu ba a cire ba. Yana ta shafa ledar da babban yatsa, tokar da iska ke kwasowa daga ɗakin tana sauka a kai, yana sharewa, tana sake sauka.