Gishiri a Jan Ƙarfe

Duk wanda ya san Jacinta a Kafanchan ya san wuyanta bai iya sunkuyo ba. Ta karanta injiniyanci, ta dawo gida da takardar da ba ta samar mata komai ba sai koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Ana haka wani kamfanin Abuja mai kula da manyan kwamfutoci ya buɗe gwajin ɗaukar aiki. Ya aika wa kowane mai nema furosesa guda, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, irin mai zafin da fanka ba ta iya masa. Sharaɗin ɗaya ne: ka ƙera masa hanyar sanyaya da ruwa, ka bar shi yana aiki ba tsayawa har mako ya zagayo. Na'urar da kanta take aika musu ma'aunin zafinta. Wanda tasa ta mutu ya fita, ba a sake gwaji.

Da hannunta ta yi komai. Ta yanko jan ƙarfe, ta zauna da zarto siriri tana tsaga masa hanyoyin ruwa kamar kitson shuku, har yatsunta suka yi kanta. Ta ciro lagireton alminiyon daga wata mota da ta mutu a garejin kanikawa, ta haɗa da tiyo da ƙaramin famfo da tankin ruwa, ta jona da solar gidan. Ruwan batir zalla ta zuba, wanda ba gishiri ba ƙasa, don ta san jan ƙarfe da alminiyon ba sa zaman lafiya in ruwa ya gurɓace. Tankin kuwa ta bar murfinsa a sake, iskar da ta maƙale a tiyo ta samu hanyar fita.

Mahaifiyarta, Mama Afiniki, mai ganga a zumuntar matan coci, takan tsaya a bakin ƙofa tana kallo.

"Injiniya, wannan abu naki yana shan ruwa kamar akuya. Shi ne zai kai ki Abuja?"

"Shi ne, Mama. Ke dai kar kowa ya taɓa."

"Wa zai taɓa? Ni da ko rediyo ina tsoronsa."

Kwanakin farko ma'aunin ya kwanta luf. Jacinta tana tafiya makaranta kamar ƙasa ba ta isa ta taka ba. Sai zafin ya fara hawa. Ta ƙara fanka, ya hau. Ta sauya wurin lagireto, ta sake lissafin da ta yi tun farko, ba ta ga inda ta kauce ba. Ba dama ta kashe ta duba ciki, kashewa faɗuwa ce. Haka ta zuba ido tana kallon abin da ta ƙera yana shaƙewa a hankali, ta daina cin abinci, ta fara yarda da maganar wani malaminta da ya taɓa ce mata wannan fanni ba na mata ba ne.

Ranar Juma'a da rana ta dawo ta tarar ɗakin tsit. Famfo na juyi, kwamfuta ta mutu.

Ta kwance jan ƙarfen. Hanyoyin da ta tsaga sun toshe da wani koren dauɗa mai yauƙi. Ta shafa a yatsa, ta ji maiƙo. Ta ɗiga ruwan tankin a harshe. Gishiri.

Tana tsaye a haka Mama ta shigo da gora a hannu, an ɗaure bakinta da leda.

"Au, kin dawo? Bari in ƙara masa na yau."

"Na yau?"

"Kullum in kin fita ina ƙara masa kaɗan. Har Godogodo na je wurin mai addu'a, ta sa gishiri da man zaitun, ta kwana tana roƙo a kai. Irin wannan ruwa na sa miki a goshi ranar jarrabawar jami'a, ba ki ci ba? Na ga naki ruwan babu albarka a ciki, na kanti ne kawai." Ta leƙa teburin. "Me ya sa kin buɗe cikinsa?"

Jacinta ta buɗe baki za ta gaya mata abin da ruwan ya yi. Ta dubi ƙafafun tsohuwar, jar lakar hanya ba ta gama fita daga faratanta ba. Ta fasa.

"Wankewa nake yi, Mama. Ajiye gorar."

Kafin la'asar waya ta yi ƙara. Injiniya Badruddeen ne, mai kula da gwajin.

"Malama Jacinta, naki ne ya fi na kowa sanyi da farko. Me ya faru? In wani ne ya sa hannu, ki faɗa min wane ne da yadda aka yi, in kai gaban kwamiti. Ban yi alkawari ba, amma zan gwada."

Ta hango 'yan kwamitin zaune cikin sanyin ofis, ana karanta labarin man zaitun, wani yana danne dariya, wani yana cewa ai mutanen can sai a hankali. Ta hango sunan uwarta yana yawo a wayoyinsu.

"Ba wanda ya taɓa, ranka ya daɗe. Ruwan ne ya gurɓace. Ban rufe tankin ba."

"To, kin san doka."

"Na sani."

Ta fita tsakar gida da jan ƙarfen, ta yanka lemun tsami, ta ɗebo toka, ta durƙusa gefen rijiya tana dirza. Koren ya fita, amma gishirin ya riga ya ci bangon hanyoyin, sun zama kamar haƙoran tsoho.

Mama ta zo ta tsaya a kanta. "Mutanen Abuja ne? Sun ɗauke ki?"

"Ba su ɗauke ni ba."

Tsohuwar ta dafe ƙirji, ta zauna a kan turmi. "Wayyo Yesu. Laifina ne, 'yata. Na sa ruwan, amma ban haɗa da azumi ba. Mai addu'a ta gaya min, na ce ciwon ciki ba zai bar ni ba." Hawaye suka zubo mata. "Na gaba zan yi. Ko zai kashe ni zan yi."

Jacinta ba ta ɗago ba. Lemun yana shiga tsagar yatsunta yana cizo. Ta ci gaba da dirza abin da ta san ba zai ƙara riƙe ruwa ba.