Kunyar Ɗan Fari

Ghali mai gadi ne a wani rukunin gidaje a Al Rayyan, can ƙasar Larabawa, amma gadin nasa sai a hankali. Taya ta fashe a titi, shi ne na farkon shigewa ƙarƙashin tebur. Kafil, wato ubangidan da ya ɗauke shi aiki, ya ce in ya ƙara barin ƙofa, khalas, shi ke nan, sai Najeriya. Ni Sunusi direba, da muke ɗaki ɗaya, ni na ja shi wajen Dakta Bilqis, 'yar Zariya mai duba masu ciwon damuwa.

Abin da muka sani kaɗan ne. 'Yan bindiga sun tare motarsu a hanyar ƙauye, suka harbe ɗansa na fari. In ka yi masa maganar sai ya ce, "Yaron nan kwanansa ne ya ƙare," ya ci gaba da shan shayinsa. Mutanensu suna kunyar ɗan fari, uba ba ya kiran sunansa. Ghali kuwa ya riƙe al'adar har bayan an binne yaron, kamar za a ba shi lambar yabo.

Likita ta gwada hira, ta gwada ƙwayoyi, shiru kake ji. Sai ta ce akwai wani magani da ake fesawa a hanci a gabanta, ya ɗauke mutum na ɗan lokaci, sannan a yi magana.

Na ce, "Likita, wato buguwa ce mai lasisi?"

Ta ce, "Malam Sunusi, kai aikinka mayar da shi gida. Zauna."

Ghali tambaya ɗaya ya yi, ko abin yana karya alwala.

Aka fesa, na gyara zama in ji ko zai tona wanda ya cinye min kilishi a ɗaki. Da farko ya ce bango yana numfashi. Can sai ya gai da fanka, har da tambayar iyali. Na yi dariya har likita ta harare ni.

Daga nan ya kafa wa bango ido. Likita ta ce a hankali, "Malam Ghali, wa kake gani?"

"Yaron nan. Yana gudu."

"Kai me ka yi?"

"Na ce masa, kai, kwanta! Kai, kwanta!" Ya miƙa hannu gaba. "Mutane cike da hanya, likita. Bai san da shi nake ba."

Sai ya ƙwala kiran da ya sa ma'aikatan asibitin suka rugo: "Shamsu! Shamsudeen, kwanta!"

Ni da na zo kallon bugagge, wallahi kuka na yi. Duk zamanmu tare, ranar na fara jin sunan.

Ban ce ya warke ba, har yanzu ina kai shi wajen likitar. In taya ta fashe yana zabura, amma ba ya barin ƙofarsa. Sai dai ka ji ya ce "Shamsu" a hankali, kamar mai kiran yaro ya zo ya ci abinci.