Za Mu Neme Ki

Goggo Melenaite ta yi shekara talatin tana koyar da Turanci a garinmu na bakin teku, Neiafu, ba ta taɓa taka ƙasar da ake yin sa a kasuwa ba. Tana da wani littafin salon maganar Turawa, bangonsa ya ci gyara da zare. Ni shekara tara na yi a Brisbane ta Ostareliya, ban taɓa jin wanda ya ce ana ruwan karnuka da kyanwoyi kamar yadda littafin ya koyar ba. Idan an yi ruwa, cewa suke an yi ruwa.

Ƙanwata Kalolaine na neman aiki a jirgin ruwan wata Baturiya mai kai baƙi kallon ƙaton kifin teku da ake kira whale. Idan bai samu ba, akwai tsinkar lemo a Ostareliya, amma ranar Juma'a za a rufe rubuta suna. Ɗaya daga ciki dole, don tun da mijinta ya rasu ita ke ciyar da 'ya'ya biyu.

Mako guda Goggo tana ɗura mata littafin.

"Idan Baturiyar ta ce za ki iya, kada ki ce eh kamar 'yar ƙauye. Ki ce aikin yankan waina ne, wato mai sauƙi."

"Goggo, za ta zaci ba'a ake mata," na ce.

"Ji Bature. Mu muka koya maka harafin farko, yau kai ne malami."

Ranar Talata Kalolaine ta ɗaura tabarmar ƙugu mai kyau, irin wadda muke ɗaurawa don girmamawa, ta tafi wurin Baturiyar. Ta dawo tana murmushi.

"Salon magana tara na faɗa, Goggo. Matar har hawaye ta yi don dariya. Ta ce na burge ta, in bar mata komai, za su neme ni."

Goggo ta sa a yanka ɗan alade.

Na bi Kalolaine bayan madafa. "Ta faɗi rana?"

"A'a."

"Albashi?"

"A'a, Yaya."

"To ba ki samu ba. Haka suke korar mutum. Bakinsu ba ya iya cewa a'a, sai su yi maka alkawarin waya. Sau shida aka yi mini. Je ki rubuta sunanki gobe."

Ba ta iya ɓoye komai, ta kai maganar gaban Goggo.

"A wane shafi ka ga haka?" Goggo ta tura mini littafin. "Nemo min."

"Ba a rubuta irin wannan."

"To babu shi. Mace ta ce za ta nema, za ta nema. Karatun nan naka, baƙin ciki kawai ya koya maka. Kalo, idan kika rubuta suna kin ƙaryata ni a gaban gari."

A wurinmu ba a tsallake maganar 'yar'uwar uba. Babanmu ya sunkuyar da kai yana ɓare rogo. Aka ci alade, har da ni.

Kalolaine ta yini uku da waya a hannu, ko wanka za ta shiga sai ta ɗora ta kan taga. Juma'a ta wuce.

Ranar Litinin muka ga jirgin ya fita, 'yar Siaosi mai gyaran inji tana tsaye a gaba cikin rigar aiki. Yarinyar da ta faɗi jarrabawar Goggo sau biyu.

"Baturiyar nan ba ta da ilimi," in ji Goggo. "Ba kowane fari ne ya san Turanci ba."

Kalolaine ta sa wayar a aljihu. Ba ta dube ni ba.

"Yaya, yaushe za a sake rubuta sunan masu lemo?"

"Baɗi."