Muryar Bakoji a Kan Marfin Tukunya

Ranar da 'yan bindiga suka tashe su daga Kakangi, kowa ya ɗauki abin da hannunsa ya kai. Iya Bara'atu faifan garmaho ta ɗauka, ta goya shi kamar jariri. Muryar marigayi mijinta ce a ciki, Bakoji, makaɗin gayya, wadda aka naɗa a Kaduna tun tana amarya. Garmahon kuwa ya ƙone tare da ɗakin.

A Birnin Gwari jikin Iya ya yi ta ja da baya. Jikarta Karima, mai ɗinki, tana lura da ita: kullum sai ta fito da faifan, ta shafa, ta mayar.

Karima ta kai maganar wurin kawunta Muttaka, ɗan Iya, mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Suka kafa marfin tukunya a kan katako, suka ciro ɗan injin tsohuwar rikoda, suka yanko bel daga robar tayar keke. Muttaka ya fiƙe fuli na katako, wato ɗan kan injin da bel ke maƙalewa. Karima ta soka allurar ɗinki a bakin mazurarin takarda.

"Wannan allurar ba ta garmaho ba ce," in ji Muttaka. "Duk zagaye cin faifan take yi. Ba za mu yi ta gwaji ba."

Suka kai wa Iya, suka ɗora faifan a kan marfin, suka kunna. Wata siririyar murya ta fito tana gudu.

"Kun mayar min da shi ɗan akuya," in ji Iya.

Fulin ya yi kauri, shi ya sa marfin ke sauri. Muttaka ya rage shi da sanfefa, takardar goge katako, aka sake sawa. Yanzu kam muryar namiji ce, sai dai baƙin gari ya fara taruwa a bakin allurar.

"Iya, ai ya yi haka," in ji Muttaka.

"Kai da ba ka taɓa gama kunya ɗaya ba? Da wannan kiɗan, kafin hantsi samari sun zube. Ubanka ba ya korar mutane a gona."

Ta ɗaga hannu ta sauke, ta ɗaga ta sauke, yadda garma ke shiga ƙasa.

Karima kuwa tun ɗazu kallo take. Marfin yana da lotsawa a gefe, kuma ta ga duk bugun ganga lotsawar na wucewa ta gabanta.

"Kawu, a ɗage allurar," ta ce a hankali. "Iya, ki ci gaba da noman."

Marfin ya yi ta juyawa shiru. Muttaka na goge fulin kaɗan-kaɗan, Karima na duban lotsawar da hannun tsohuwa, har suka zo daidai. Gumi ya jiƙa wuyan Iya.

Karima ta sauke allurar.

Ganga ta shigo da nauyinta, sannan murya, mai kauri, ba gaggawa, tana kiran samari da sunayen gonakin da yau ba mai iya zuwa. Iya ta rufe ido. Hannunta bai tsaya ba.

Muttaka ya ga garin na ƙaruwa, ya kai hannu zai ɗage allurar.

"Bar shi," in ji Iya. "Bar shi ya kai ƙarshen kunya."