Inda Silifar Samira Ke Tsayawa

Malam Idirisa mai faci, na bakin titin Tsibiri, mutum ne da fargaba ta zame masa sana'a ta biyu. In hadari ya haɗo ya ji tsoron katanga, in bai haɗo ba ya ji tsoron gero. To bana sai Allah ya ba shi abin tsoro na gaske. Ɗiyarsa ta fari, Samira, mai shekara goma sha takwas, ta tashi wata safiya ta ce tafin ƙafarta kamar tururuwa ke yawo a ciki. Kafin sati ƙafafu suka ƙi ɗaukarta, kafin sati biyu hannu ya kasa riƙe ludayi. A asibitin Maraɗi likita ya ce ciwon jijiyoyi ne da ba a cika ganinsa ba, ya faɗi sunansa da faransanci. Idirisa ya sa aka rubuta masa a takarda, ya ninke ya cusa cikin hula, har yau bai iya karanta shi ba.

Bayan wata bakwai yarinya ta miƙe. Tana tafiya, amma da jan ƙafar hagu. Kowace Litinin da Alhamis yana goya ta a moto zuwa ɗakin motsa jiki na asibiti. Sai dai ɗan fari ɗan kunya ne: uba ba ya kiran sunansa, ba ya nuna ya damu da shi gaban mutane. Don haka duk wanda ya tare su a hanya, sai Idirisa ya ce, "Ni gam ɗin faci zan sayo, yarinyar nan ce ta ce in rage mata hanya." Gam ɗin da ya tara ya isa a liƙe duk tayoyin da ke tsakanin Maraɗi da Yamai.

Gurabe a ɗakin motsa jikin kaɗan ne, masu jira da yawa. Sai aka ce za a turo ma'aikaciya gida da tambayoyi, a ji daga bakin masu jinya yadda su kansu ke jin jikinsu. Wanda amsoshinsa suka nuna ya warke, a cire shi daga lista a sa wani.

Ranar Laraba da hantsi Madam Zuliha ta iso da jakarta da faffaɗar wayarta. Kamar an haɗa baki, Dada, yayar Idirisa, ma ta diro daga Jiratawa da ƙunshin zogale, matan maƙwabta uku suka biyo ta ganin baƙuwa. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Idirisa ya janyo bahon ruwa ya zauna a ƙofar zaure, yana neman huji a tub ɗin taya, wanda shi da kansa ya san lafiyarsa lau.

"Samira," in ji Madam Zuliha, "tambaya ashirin da huɗu ce. Kowace ki ce mini: ba na iyawa, ko ina iyawa da ƙyar, ko ina iyawa ba wahala. Kina iya wanka ke kaɗai?"

Samira ta sunkuyar da kai. "Da sauƙi, alhamdulillahi."

"Ai babu wannan cikin ukun."

"To ki ƙara shi," in ji Dada. "Wanda ya rubuta takardar nan ba a taɓa gaishe shi da jiki ba ne? Sa mata mai kyaun."

Madam ta danna waya. "Kina iya hawa bene?"

Mata suka kwashe da dariya. Dada ta waiga dama da hagu. "Wane benen? Sai dai ta hau rumbu. Kuma ɗiyarmu ba ɓera ba ce."

"Da akwai, za ki iya?"

"In Allah ya so," in ji Samira.

"Kin ji ko? Sa mai kyaun."

Haka aka yi ta yi. Ɗaukar bokiti, da sauƙi. Ɓalle maɓalli, alhamdulillahi. Tsayuwa da ƙafa ɗaya, Dada ta ce wannan aikin balbela ne, amma a sa mai kyaun. Samira yarinya ce mai tarbiyya, ta san mai jinya ba ya kai ƙarar Ubangiji wurin baƙo, balle gaban matan unguwa da za su kai labarin bakin rijiya kafin azahar. Duk dannawar da Madam ta yi, sai Idirisa ya ƙara sunkuyawa kan baho. Ya nutsa tub cikin ruwa, ya fiddo, ya sake nutsawa. Gumi ya jiƙa takardar da ke cikin hularsa.

"To barka," in ji Madam Zuliha tana murmushi. "Da wannan sakamako kin fi ni lafiya. Gobe Alhamis ce ranarki ta ƙarshe."

Dada ta rangaɗa guɗa. Tub ya suɓuce daga hannun Idirisa.

 Mi zai ce? Ya ce ɗiyarsa ta yi ƙarya? Ko ya ce shi, gardi da furfura, ya san lissafin ƙafar ɗiyar fari fiye da yadda ya san carbinsa? Madam ta soma zuge jaka.

"Ke yarinyar nan," ya ce, muryarsa ta fito kamar ta zakaran da mura ta kama, "baƙuwa za ta tafi ba ruwa? Ɗebo mata a randa."

"Ga ruwa nan gabanta, Idi," in ji Dada.

"Ya yi zafi."

Samira ta dafa bango ta tashi. Randa tana can ƙarshen tsakar gida, gindin darbejiya. Ta soma takawa. Taku ɗaya, biyar, tara. A na goma sha ɗaya silifar hagu ta zame ta tsaya a ƙasa, mai ita ta wuce, ta yi taku uku da ƙafa tsirara ba ta sani ba.

"Nan ne," in ji Idirisa. Ya riga ya miƙe, ya manta da kowa. Ya nuna gindin katanga daidai inda silifar ta tsaya. "Madam, taho ki gani."

A ƙasan katangar, inda ba mai kallo sai kaji, akwai ƙananan layukan gawayi jere, sun fi ɗari. Na farko suna dab da ƙofar ɗaki.

"Wannan watan azumi ne, taku biyu silifar take faɗuwa. Nan bayan Layya, shida. Sati uku ke nan tana nan a sha ɗaya, ta ƙi gaba. Ranar da aka kai ta motsa jiki, washegari takan ƙara ɗaya. Satin da moto ya lalace ba mu je ba, ga shi, ta koma takwas. Na ɗaura mata roba a dunduniya ta tsinke ta, wai ƙawayenta za su ce tayar kura ce."

 Dada ta riƙe haɓa.

"Idi! Ashe duk safiyar da na zo na iske ka tsugune gindin katanga, ni ina cewa ciwon fitsari ya kama ka, har na jiƙo maka sassaƙe daga Jiratawa?"

"Na sha kuwa," ya ce. "Duka."

Madam Zuliha ta durƙusa ta bi layukan da yatsa, ta ɗauki hotonsu. Sannan ta ce, "Malam, aikinka ya fi na wasu masu farar riga. Amma ba zan iya rubuta amsar katanga ba. Ta mai jikin ake so, daga bakinta."

Kowa ya juya ga Samira. Tana tsaye da moɗa a hannu, ruwan yana ɓarewa kaɗan-kaɗan don yatsun ba su gama riƙo ba. Ba Madam take kallo ba, gawayin take kallo. 

"Madam," ta ce, "goge duka. Koma kan wanka."

"Samira!" in ji Dada.

"Gwaggo, Allah ya san na gode masa, shi ne dai ya ga sabulu yana tsere mini sau biyar kafin in gama. Wanka, da ƙyar. Maɓalli, da haƙori nake ɓallewa. Bokiti, ba na iyawa. Bene kuma, ko an gina shi da zinariya sai dai in gaishe shi daga ƙasa."

Ɗaya daga matan maƙwabta ta ce ita ma gwiwarta shekara uku ke nan tana cewa da sauƙi, ko za a duba ta. Madam ta ce layi-layi.

Da aka kai tambaya ta ashirin da huɗu, Madam Zuliha ta duba wayarta ta ce sunan Samira na nan a lista, wata uku nan gaba, sannan a sake aunawa. Ta ƙara da cewa kada kowa ya yi wa katangar nan yaɓe.

Idirisa ya riga ya koma ƙofar zaure, kansa cikin baho, yana neman hujin da babu. Samira ta ɗauki silifarta ta jawo ƙafa har inda yake.

"Baba."

"Mm."

"Gobe za ka sayen gam?"

Bai ɗago ba. "Ya kusa ƙarewa," ya ce.