Layar Zanar Datti

Bayan rikicin 2001 kowa a Titin Bauchi ya nemi abin kariya. Datti, wanda muke ɗinki a shago ɗaya, ya je ƙauyensu ya dawo da layar zana. 'Yar ƙarama, an ɗinke ta da jar fata. Wai in ka cije ta, ka ɓace wa idon mutane.

"Ta gudu ce kawai," in ji shi. "In abu ya sake tashi."

Datti mutumin kirki ne. Ko ƙyalle ya rage sai ya mayar wa mai kaya. Amma duk kirkin nan a gaban mutane na san shi.

Ranar wata Juma'a na je zance wurin Rabi, wadda zan aura. A bencin ƙofar gidansu na gaya mata zan rabu da Datti, na kama shago a Tina Junction. Ita kaɗai na gaya wa.

Washegari yana guga, ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Ango, Tina Junction akwai ciniki kuwa?"

Ƙafata ta tsaya a kan keken ɗinki.

Ɗayan biyu ne. Ko ya ciji layarsa ya zauna kusa da mu yana ji, ko Rabi tana hira da shi a bayan idona. Na fi son na farkon.

Na ce, "Cije ta in gani."

"Me?"

"Layar."

"Kai, ba a wasa da ita. Ka sha wani abu ne?"

"Cije ta, Datti."

Onyebuchi, maƙwabcinmu mai sayar da zare, ya leƙo. "Oga Datti, in ka ɓace, keken nan nawa ne fa."

Datti ya yi dariya, ya ciro ta daga aljihu, ya sa a baki. Na ƙura masa ido, ina roƙon Allah ya ɓace.

Yana nan tsaye, da hularsa da tef a wuya.

"Kuna ganina?"

"Har tumbinka," in ji Onyebuchi.

Ya cire ta, ya goge a riga. "An cuce ni ke nan."

Ko ya cije da gaske, ko leɓe kawai ya ɗora mata, ban gani ba. Ya koma kan gugarsa yana fito.

Bayan la'asar Rabi ta yi mini filashin. Ta sake yi. Na kife wayar a kan keke, na ci gaba da ɗinki.